Bugun Ƙarin da Aka Maimaita a Taiping

Zulhelmi Othman, direban bas mai shekara talatin da shida, ya daina gani da idonsa na dama tun ranar Asabar ɗin da tsinin lema ya shige shi a filin wata makarantar kwana da ke Taiping. Alƙalancin wasan zari-ruga na yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar ne ya kai shi filin. Ba biyansa ake yi ba. Ladansa ƙunshin shinkafar kwakwa da kofin shayi, sai son wasan da shi ma ya buga yana ɗalibi.

Wasan kusa da na ƙarshe ne, tsakanin masu masaukin baƙi da wata makaranta daga Kampar. Ruwa na sauka kamar kullum, iyaye sun jeru a bakin fili da lemominsu. Cikinsu akwai Hairuddin, mai shagon tayoyi, mahaifin Izzat, kyaftin ɗin masu masauki. Hairuddin mutumin ƙwallon ƙafa ne. Bai taɓa kallon zari-ruga ba sai da ɗansa ya fara bugawa, amma muryarsa ta danne ta koci.

Dokar ba ta da wuya. Ƙungiyar da ta dire ƙwallo a bayan layin abokan hamayya tana da maki biyar, sannan a ba ta bugun ƙari: a kafa ƙwallo a ƙasa, a buga ta haye sandar da ke tsakanin turaku biyu, a ƙara maki biyu. Abokan hamayya na iya rugowa su tare idan mai bugu ya taso, amma ba a yarda su yi masa ihu ba. In sun yi ihu ya ɓarar, sake bugu za a yi.

Tun kafin hutun rabin lokaci yaran Taiping suka yi wa mai bugun Kampar ihu. Ƙwallon dai ta shiga, don haka babu abin sakewa. Zulhelmi ya ja Izzat gefe ya gargaɗe shi. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce babansa ne ya sa su, wai haka ake rikita mai bugun fenareti.

Zulhelmi ya hango mutumin yana ta ɗaga lema yana ba da umarni. Ya yi niyyar zuwa ya yi masa bayani a lokacin hutu, sai ya ga dattijo ne, kuma a gaban jama'a. Ya sha shayinsa ya koma fili.

Ana dab da tashi Kampar ta dire ƙwallo. Maki ɗaya ya rage ta kamo Taiping, wato bugun ƙarin ne zai raba gardama. Fili ya yi tsit. Mai bugu ya ja baya, ya taso.

"Ku ruɗa shi!" in ji Hairuddin daga bakin fili.

Izzat ya kalli alƙali, ya kalli mahaifinsa, ya buɗe baki ya kurma ihu. Sauran suka bi shi. Ƙwallo ta kauce.

Iyayen Taiping suka fara murna. Zulhelmi ya san in ya busa tashi a nan, ba mai tanka masa, baƙin za su hau motarsu su tafi. Ya kuma san ya riga ya yi gargaɗi. Ya busa usur, ya nuna a sake. Wannan karon ƙwallo ta ratsa tsakanin turaku.

Kafin ya kai bakin fili Hairuddin ya tare shi.

"Kai direba, a tasha ka koyo alƙalanci? Yaro ya ɓarar, ka ba shi gyara?"

"Kawu, yaranku sun yi ihu. Doka ta hana."

"Ihun ne laifi? A masallaci muke?"

Wasu iyaye suka yi dariya, wani ya tambaya ko Kampar ta yi masa alkawarin fasinja ne. Izzat ya riƙo hannun mahaifinsa yana cewa, "Baba, gaskiyarsa ne, koci ya sha gaya mana." Hairuddin ya fizge. Ya naɗe lemarsa yana nuna fuskar Zulhelmi da ita, kowace kalma da zungurinta. Mutanen baya suka matso don su ji. Ciyawa kuwa ta jiƙe.

Babu wanda ya iya faɗin wanda ya tura wani. Zulhelmi dai ya durƙusa dafe da ido, jini na bin yatsunsa, yara talatin na kallo.

A ofishin 'yan sanda Hairuddin ya ce santsi ne ya kwashe shi, kuma shi bai taɓa jin wannan doka ba. Kocin makarantar ya shaida cewa a farkon shekara ya gayyaci iyaye su zo a bayyana musu dokokin wasan, Hairuddin bai zo ba. Izzat ya mayar da rigar kyaftin, bai sake zuwa atisaye ba. An ɗage wasan ƙarshe, domin sauran alƙalan sa-kai sun ƙi shiga fili.

Iyaye, wasan da ba ku san dokarsa ba, ku tambaya kafin ku ɗaga murya. Umarnin da kuka jefa daga bakin fili a kan jahilci, 'ya'yanku ne ke aiwatar da shi, wani kuma ya biya da lafiyarsa.

Kamfanin bas ya sauke Zulhelmi daga tuƙi har sai an ga sakamakon tiyata ta biyu. Matarsa Rohaya ce ke kai shi asibitin birnin Ipoh a bayan babur. Likitan ya ce mata kada su sa rai, kada kuma su cire.