Tiyatar da Ya Sa Ta Yi

Bayan la'asar Bilyaminu ya tsaya a zauren gidansu Muhsina a Gummi, ya kasa haɗa ido da ita. Saura wata guda bikinsu, ɗinkin tiyatar rage tumbin da aka yi mata ko warkewa bai yi ba.

"Inna ta ji labari," ya ce. "Ta rantse ba zan auro wadda ta sauya halittarta ba."

Muhsina ta dafa bango. "Ka gaya mata kai ka matsa min? Kai ka kai ni asibitin?"

Ya sunkuyar da kai yana juya makullin mashin. "Na ce mata ban sani ba."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta zare zobensa ta miƙa masa.

"Ka gaida Inna. Ita dai ba ta yaudare ni ba."