Kujerar da Aka Sa a Ƙurya

Ramatu, ajiye biron nan tukuna. Kin ce ma'aikaciyarki ta yi shekara tara ba a taɓa kuka da ita ba, yanzu wata biyu aikinta ya lalace, za ki rubuta mata takardar sallama. To, ni kawunki ban yi bokon da kika yi ba, amma na ga jiya na ga yau. Saurara ki ji wani misali, in na gama ki ɗauki bironki.

An yi wani mai shagon ɗinkin manyan riguna, ya rasu ya bar wa ɗansa shagon da maɗinka bakwai. A cikinsu akwai wani dattijo, gwanin ɗinkin hannu, wanda in ya zuba aska takwas a gaban riga sai ka rantse zana ta aka yi. Shekara talatin wurin zamansa ɗaya ne, wata tsohuwar tabarma a bakin ƙofa, inda rana ke dukansa, masu wucewa na tsallake ƙafarsa. Da ɗan ya karɓi shago, abin ya tsaya masa a rai. Ya ce ina amfanin a bar abokin mahaifinsa a bakin ƙofa kamar mai gadi? Ya sayo kujera mai laushi, ya kafa ta can ƙurya ƙarƙashin fanka, ya tara maɗinka ya ce daga yau nan ne mazaunin Baba. Kowa ya sa masa albarka. Dattijo ya yi godiya, ya naɗe tabarmarsa ya koma ƙurya, aka ba wani bakin ƙofa.

Ba a yi wata biyu ba sai ga riguna ana dawowa da su. Wannan ɗinki ya karkace, wancan an haɗa baƙin zare da shuɗi, rigar da dattijo kan gama a mako uku ta shiga na shida. Maɗinka suka fara gunaguni, wai tsufa ya zo, wasu ma suka ce daɗin kujera ne ya sa shi lalaci. Kin san bakin mutane. Mai shago ya yi ta juyayi, don yana ƙaunar tsohon nan har ransa, amma masu kawo aiki sun fara sauya shago. Daga ƙarshe ya yanke shawara zai sallame shi cikin mutunci, ya zaɓi lokacin da kowa ya fita cin abincin rana don kada ya kunyata shi a gaban jama'a. Yana shan kwana sai ya hango dattijo a tsaye a bakin ƙofa, ya ɗaga riga saitin hasken rana, ya kai ta dab da hancinsa, yana warware abin da ya ɗinka da safe yana sake shi. A tsaye fa, Ramatu, don wurin yanzu na wani ne, ba zai zauna a kai ba. Ga kwanon abincinsa a rufe ko taɓawa bai yi ba. Ashe kullum haka yake yi. Idonsa ya daɗe da raunana, hasken ƙofar nan ne yake riƙe da shi, shi ya sa marigayi bai taɓa tashinsa daga wurin ba.

Mai shago ya tambaye shi me ya hana shi faɗa tun ranar farko. Dattijo ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗana, girmama ni ka yi a gaban mutane. Da wane baki zan ce maka girman ya yi mini duhu?"

Wallahi sai kunya ta rufe yaron nan. Maganar sallama ko a fuska bai nuna ba. Da hannunsa ya ɗauko tsohuwar tabarmar daga bayan ƙyaure, ya kakkaɓe ta ya shimfiɗa inda take a da, ya ce Baba ya zauna ya ci abincinsa tukuna. Rigar da ta fita daga hannun tsohon bayan nan, mai ita har tukuici ya aiko.

To, ki duba. Wata biyun nan, me kika sauya a ofishin naki? Wa kika matsar, wane aiki kika ƙara mata da sunan kin yarda da ita? Kira ta, ki rufe ƙofa, ki ba ta wuri ta zauna, ki tambaye ta a hankali. Takarda ba gudu za ta yi ba. Hausawa dai sun riga sun faɗa: ruwa ba ya tsami banza.