Sharar da Ta Kwashe Sawu

Tunda ka ce aikin binciken wurin da aka yi laifi kake so ka koya, bari in ba ka misali guda kafin ka soma zumuɗin farar riga da na'ura. Wannan sana'a ba a ɗakin gwaji aka haife ta ba. Tun kafin a san hoton yatsa da gwajin jini akwai masu bin sawu, kuma da su da na yau abu ɗaya suka riƙe: mutum ba ya shiga wuri ya fita bai bar komai ba.

An yi wani maigida a wani ƙauye mai kasuwa, mutumin kirki, mai saukar baƙi. Irin mutanen nan ne da gara su kwana da yunwa da a ce baƙo ya ga tsinke a ƙofar gidansu. Duk ranar kasuwa akwai wani falke mai sayen tumaki da ke sauka a ɗakin zaurensa. Wata safiya aka tarar da falken kwance cikin jini, an rotsa masa ƙeya, jakarsa ta yi ƙafa. Aka kai shi asibiti. Ya rayu, amma bai ga wanda ya buge shi ba, don ta baya aka zo masa. To, a kasuwar jiya kowa ya ji ƙanen maigidan yana cacar baki da falken a kan wani rago, har ya ce masa zai gani. Kafin rana ta take 'yan sanda sun tafi da ƙanen. Maigidan bai ruɗe ba, domin ya ga abin da ya gani da idonsa. An yi yayyafi, ƙasa da danshi, ga sawun wani ƙaton takalmi daga katangar baya har bakin ɗakin, taku daidai wa daida. Ƙanensa kuwa shan-inna ya taɓa shi tun yana yaro, jan ƙafar hagu yake yi, sawunsa ko makaho ya shafa zai gane. Ga shatin tafin hannu da jini a jikin ƙyauren kwano. Ga wata karyayyar taɓarya a yashe, wadda ba ta gidan ba ce. Ya ce a ransa gaskiya na nan kwance a ƙasa, mai ɗauka kawai take jira.

Sai labari ya zo cewa washegari za a turo wata ƙwararriya daga birni, wadda aikinta ke nan duba sawu da jini, kuma a bar wurin yadda yake. Ya ji, ya ce to. Amma da ya sake leƙa zauren ya ga ƙudaje sun yi dandazo, sai kunya ta rufe shi. Babbar baƙuwa, ta zo ta tarar da gidansa kamar mahauta? Ai cewa za ta yi daga irin wannan gida mugu ke fitowa. Idan kuwa ta ga gida tsaf, ta san gidan mutunci ne. Don ƙanensa ya yi, ka ji inda abin tausayin yake. Ya sa aka share tun daga katangar baya har bakin hanya, aka yayyafa ruwa, aka sake sharewa. Aka goge ƙyauren da soso da sabulu har ya ɗau ƙyalli. Aka zuba sabon yashi a ɗakin, aka shimfiɗa tabarmar da ake ɓoye wa Sallah. Taɓaryar nan kuwa, mata suka ga itace ya zo har gida, da ita aka hura wutar tuwon baƙuwa. Ɗan abin da tsintsiya ta rage, 'yan jaje suka tattake shi da yamma, don ba a korar wanda ya zo jaje. Ni ba na ɗora masa laifin duka, haka aka rene mu, amma duk sanda na tuna raina sai ya ɓaci.

Baƙuwar ta iso da akwatin kayan aikinta. Ta tsaya a bakin zaure ta dubi ƙasa, ta dubi ƙyaure. Maigidan ya shiga zayyana mata girman sawun da inda ya biyo. Ta ce, "Baba, ban ƙaryata ka ba. Amma kai wan wanda ake zargi ne, bakinka ba zai ishe shi a gaban alƙali ba. Da ko ƙwarya ka kife a kan sawu guda, da ya ishe ni aiki." Ta yi iyakar yinta, ta kankare gindin ƙyaure, ta tona yashi, ba ta sami abin da za ta tsaya a kai ba. Abin da ya rage a gaban shari'a shi ne cacar bakin kasuwa, sai kuma tambayar da mutane suka soma yi ƙasa-ƙasa: in ba a ɓoye wani abu ba, me ya kawo wannan uwar shara? Damina ta wuce, aka yi girbi, ƙanen na can gidan yari yana jiran shari'a. Maigidan ne ke kai masa abinci, kuma har yau bai iya gaya masa cewa shi ya sa a yi sharar ba. Shi ne Hausawa ke cewa garin neman gira an rasa ido.