Akuyar Gwaji

Likita na cewa hawan jinin ido ne, ko magani kullum ko makanta, tsohon ya kaɗe rigarsa ya koma garinsu Lakwaya. Mutumin da agana ta bari, yunwa ta bari, shi za a tsorata da ido?

Ai ya ji a rediyo, Turawa sun gwada sinadarin wiwi a kan zomaye, hawan jinin idonsu ya ɗan sauka. Bai yi boko ba, amma yana da akuya. Ya sa wani ɗan acaɓa ya samo masa ganyen a ɓoye, ya dinga ba ta yana leƙa idonta.

"Idonta ya washe," ya gaya wa matarsa. "Gobe ni zan fara."

Ta juya ganyen a hannu. "Malam, wannan fa rama ce. Tun kafin ka auro ni kake shuka ta."

Ya kai ganyen dab da fuskarsa. Kore kawai yake gani, dishi-dishi.

"Ɗauko mayafinki mu koma asibiti," ya ce. "In an tambaya a hanya, ke ce ba lafiya."