Roƙon Inna Hajo

Mai gadin bai ko ɗaga kai sosai ba da ya ga sandar dogarawa da takalmin roba mai faci. "Sannu Inna, wuce," in ji shi, ya koma kan rediyonsa. To, tunda shi ya ce Inna, mu ma haka za mu ce.

Inna ta wuce a duƙe. Daga bakin ƙofar nan aka kori Adesewa har sau uku cikin mako guda.

Wata gidauniya ce ta kama ɗakin taron nan na Funtuwa. Mutum biyar kacal za ta ɗauka, ta kai su Zariya su yi shekara biyu suna koyon wasan kwaikwayo, kuɗin makaranta da ci da kwana duk a wuyanta. Yau ce ranar ƙarshe ta gwaji, da an kira la'asar za a rufe. Adesewa, 'yar Ganiyu mai kayan gyaran babur a bakin tasha, tun ranar farko ta kai fom ɗinta. Sakataren gidauniyar ya dubi sunan sau ɗaya, ya ce ai wasan Hausa ne, wanda za a riƙa kaiwa kasuwannin ƙauye, ya cusa fom ɗin ƙarƙashin tari. Ko baki bai bari ta buɗe ba. Yarinyar da aka binne cibiyarta a Funtuwa fa!

Gida ma ba sauƙi. Uban ya riga ya yanke magana: in wannan bai yiwu ba, jibi za ta bi motar masara zuwa kudu, ta zauna a shagon gwaggonta, a garin da ba ta taɓa yin mako ba. Tun jiya ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa.

A ciki alƙalai uku ne a bayan tebur, shugabansu Dokta Maitama, dattijo mai gilashi, gajiya ta cika masa fuska. Wani saurayi daga Dandume ya gama nasa, aka tafa masa sama-sama. Inna ba ta jira a kira ta ba. Ta ja jiki har gaban tebur ta zube, hannuwanta duka biyu a cikin mayafi. Mayafin har yanzu yana ƙamshin man ƙosai, ƙamshin ya kusa sa ta kuka tun kafin ta fara.

Ta ce sunanta Hajo, daga wani ƙauye a bayan Malumfashi. Shekara ashirin tana suyar ƙosai a gefen shagon Ganiyu. Da uwar Adesewa ta kwanta ciwo, ita ta goya jaririyar, ita ta ɗura mata koko. Ta ba su labarin yadda yarinyar ke hawa buhun taki tun tana shekara shida, ta kwaikwayi dillalin masara, ta kwaikwayi ɗan kamashon tasha, har direbobi su manta da lodi. Muryar na rawa, tana shaƙewa, tana tashi. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin kukan fankar sama.

Sakataren ya yi gyaran murya, ya ce bai tuna wani fom mai wannan suna ba.

"Ɗari biyu da sha bakwai, ɗan nan," in ji Inna, ba ta ko dube shi ba. "Yana can ƙasa inda ka aje shi."

Ya tono, sai ga shi. Kunya ta hana shi tambayar yadda aka yi mai ƙosai ta haddace lamba.

Bayanta ya fara ciwo, duƙon nan ba wasa ba ne. Agogon bango ya nuna saura minti bakwai. Tsoro ya kama ta na gaske, ta ga motar masara a idonta ƙiri-ƙiri, sai hawaye suka ɓalle. Waɗannan kam ba na aro ba ne.

"Ku taimake ni, Malam. Ku ba ɗiyar nan minti biyar. In ta kasa, ni da kaina zan sa ta a mota."

Dokta Maitama ya cire gilashi ya goge ido.

"Inna, ba ƙinta muke yi ba," in ji shi a hankali. "Manomin Musawa da ya ji harshe ya karkace, tashi zai yi ya bar dandali. Wannan abu a nono ake shansa. Da irin Hausar bakinki ce da ita, wallahi da yanzu na sa hannu."

"Ka ce wallahi, Malam?"

"Na ce, ga shaidu. In tana kusa, kira ta. Da ladan ya ɗaga murya mun tashi."

Lasifikar masallacin tasha ta fara ƙara, alamar ladan ya kama ta. Sakataren ya soma haɗa takardu.

Inna ba ta juya wajen ƙofa ba. Ta ajiye sandar a ƙasa a hankali. Bayan nan da ya tanƙware ya miƙe sambal. Hannuwan suka fito daga mayafi, sumul, ba tamoji ko ɗaya, suka share tokar da ke girarta.

"Ga ni, ranka ya daɗe," in ji Adesewa da muryarta ta gaske, tana rungume da mayafin Hajo, wadda aka binne bara da kaka.