Gefen da Ya Yi Duhu

Corinne ce ke ɗaukar bidiyon wasannin ƙwallon kwando na sakandaren garin, kuma saura wata biyu bikinta da Wendell, kocin yaran. Ranar Litinin da la'asar ya same ta a ɗakin da take tace hotuna, riƙe da kofin gahawa biyu.

"Masoyiya, an gama na wasan Juma'a? Iyaye sun dame ni da waya."

Ba ta juyo ba. "Fitilun zauren nan naku sun mayar da fuskokin yara rawaya. Sai da na gyara launi, na ƙara haske a gefen da ya yi duhu. Zo ka gani."

Ya sunkuyo ta kafaɗarta. A allon, yara na tsallen murna a tsakiyar fili. Can bakin ƙofar fita kuwa ga Wendell tsaye, hannunsa a ƙugun Darlene, malamar kiɗa, goshinsu a haɗe.

Ya ajiye kofunan a hankali. Corinne ta jira, a ranta tana roƙon ya faɗi wani abu, ko da ƙarya ce.

"Wa ya gani bayan ke?"

"Babu kowa."

"To... za ki iya mayar da wurin duhu kafin ki tura wa iyaye?"

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi. Ashe abin da ya dame shi ke nan.

"Zan iya, aikin minti biyu ne. Don yaran zan yi, ranarsu ce." Ta zare zoben alkawarinsa ta tura masa a kan tebur. "In ka fita ka ja min ƙofar, hasken waje na hana ni aiki."