Numfashi a Ƙeyata

Ranar Laraba da azahar, rana na ƙuna a garinmu Fassi, Inna Jumai ta bar min gadin shanyar wakenta.

"Ajiye wayar nan, Nuruddeen. Gem ba ya cika tumbi."

Ban ajiye ba. Abokina Amiru ya ce gem ɗin harbe-harbe ne na maza, na ban tsoro duhu ne kawai da ihu, sabon matakin da na sauke a nawa gem ɗin na ban tsoro kuwa ɓarnar data ce. Na rantse sai na ƙaryata shi.

Na toshe kunnuwana da abin kunne na waya, na shiga wasan. Dokar sabon matakin ɗaya ce: ka waiwaya, dodo ya cinye ka. Na ji taku a bayana. Na ji tauna. Har ɗumin numfashi na ji a ƙeyata. Na ce lallai masu wannan gem sun iya aiki, na ƙi waiwayawa.

Da na tsallake, na cire abin kunne. Taunar ba ta tsaya ba.

Awakin Kawu Sallau ne, duk garken.

Har yau ban yarda Amiru ya yi gaskiya ba. An dai rasa waken Inna, tabarmar shanya, wuyan rigata, da wayar, wadda Inna ta kulle a akwati.